Fijo 504 ɗita ta ƙi yin kik, na sa sabon batir amma har yanzu ƙas kawai take yi

MaiFijo504

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah waɗanda suka san kan mota ku taimaka min da shawara, yau kusan sati biyu kenan abin nan ya hana ni sukuni. Peugeot 504 ce salun, haɗin Kaduna, mai fetur, giyar hannu. Ta marigayi mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado ni na roƙa aka bar min ita don a cikinta ya riƙa kai mu makaranta, shi ya sa duk mai ce min in sayar in huta ba na ma tsayawa saurarensa.

Abin da ya faru shi ne na yi tafiya wajen aiki na bar ta a ƙofar gida kusan wata 3, kuma daidai tsakiyar damina, an dai lulluɓe ta da tamfol amma kun san ruwan Agusta, ga unguwarmu ruwa yana kwanciya. Da na dawo na kai batir caji, aka ɗaura ta tashi, sai dai kik ɗin da nauyi yake juyawa kamar wanda aka tasa daga barci, wata rana ta tashi bugu ɗaya wata rana sai na murɗa makulli sau huɗu sau biyar. Ana nan ana nan ranar wata Juma'a na fito zan tafi masallaci na murɗa, sai na ji ƙas, shi kenan. Na sake murɗawa, ƙas. Fitilun dashbod duk sun kawo, hon yana yi, amma injin ko motsi.

Kowa ya ce batir ne, na je na sayo sabo mai amfiya 75 har suka karɓi tsohon suka rage min kuɗi, na ɗaura da murnata, wallahi ƙas ɗin nan dai ita na sake ji. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, in yaran unguwa suka tura ta a giya ta biyu na saki kuloci nan take take kamawa kuma ta yi ta tafiya lafiya lau ba ko tari. Na kira wani rewaya a bakin titinmu ya zo ya bubbuga kik ɗin da sifana ban ga canji ba, ya ce kik ne ya mutu in kawo kuɗi ya samo min ɗan Beljiyam. Ni kuma tunda na riga na ƙone a kan batir tsoro nake ji kar in sake sayen abin da ba shi ne ciwon ba. Me kuke ganin zan fara dubawa?

Dan_Gareji

Wa alaikumus salam. Allah ya jikan Baba. Kafin kowa ya fara jero maka kaya, ka tabbatar mana da abu daya: injin ne ba ya JUYAWA sam, ko yana juyawa ne bai kamawa? Don mutane da yawa duka biyun "ta ki tashi" suke cewa alhali ciwo biyu ne daban. In yana juyawa bai kamawa, wannan maganar mai ce da wuta, fulogi, kwayil, kafireta da sauransu. In kuma ko juyawa ba ya yi to ka manta da kafireta gaba daya, kar ka bari wani ya kwance maka ita, maganar tana tsakanin batir, wayoyi, makulli da kik.

MaiFijo504

Amin na gode. Ba ya juyawa sam, fanka ko girgiza ba ta yi. Ƙara ɗaya ce tak daga wajen kik ɗin duk murɗawa.

Baban Walid

Ɗan uwa sabon batir ba shi ne cikakken batir ba fa, wani ya yi wata da watanni a shago kafin ka zo, ka sa a auna maka shi tukuna. Sannan ka duba kan batir ɗin, in ka ga farin gari ko kore-kore kamar gansakuka ka cire ka wanke da ruwan zafi ka goge da samfefa har ƙarfen ya yi haske, ka ɗaure tam yadda ko ka murɗa da hannu ba zai juya ba. Ni Golf ɗita ta taɓa ajiye ni a hanyar Zariya kan abin da bai wuce wannan ba.

Sarkin_Hanya

Hmm mota ta kwana wata 3 a ruwa? Allah ya sa ba ruwa ne ya shiga silinda ba ko injin ya kama, na ga irin haka da idona, ƙas ɗaya take yi ita ma, ƙarshe sai da aka sauke injin.

Maman Ilham

Ni tawa Corolla da ta yi min irin haka ashe giyar ce ba ta zauna daidai a P ba, bakanike ya ce in mayar N in gwada, sai ga ta ta tashi. Ko za ka gwada wannan?

Tsohon Rewaya

Salamu alaikum. Malam mai Fijo ka kwantar da hankalinka, kar ka ba da kuɗin kik tukuna.

Hajiya Maman Ilham maganarki gaskiya ce amma ga mota mai otomatik, ita ce ke da makunnin da ke hana kik aiki sai giya tana P ko N. Tasa giyar hannu ce. Sarkin Hanya kai kuma kar ka tsorata bawan Allah, ai ya faɗa da bakinsa in an tura tana tashi ta yi tafiya. Injin da ya kama ko ruwa ya cika masa silinda ba ya tashi da turi, tayoyin ne za su ja ƙasa ko a yi ɓarna. Turin nan da ya yi ya riga ya wanke injin daga zargi, ya wanke mai, ya wanke fulogi da kwayil. Saura hanyar kik kaɗai.

Abin da nake so ka gane shi ne bambancin cin wuta. Kwayil da fitilun dashbod ɗan abin da suke ja bai taka kara ya karya ba, amfiya ƙalilan ne, ko ta waya mai tsatsa za su samu su wuce. Shi kuwa kik na injin fetur mai silinda 4 irin naka yana iya jan amfiya 150 zuwa 200 a lokacin da yake juya injin. Kamar rariya ce da ta toshe da shara, ruwan buta zai wuce ba ka sani ba, sai ranar da aka yi ruwan sama kake gane a toshe take. Shi ya sa ganin dashbod ta kawo ko hon ya yi ba ya nuna komai a kan lafiyar manyan wayoyi.

Ƙas ɗin da kake ji kuma salanoyid ne, wannan ɗan gwangwanin da ke goye a bayan kik. Aikinsa biyu: ya tura bendis, wato ɗan giyar da ke bakin kik, ya shiga haƙoran fulayiwil na injin, sannan ya haɗa babbar wuta daga batir zuwa cikin kik. Tunda yana ƙara, to saƙo daga makulli yana isa gare shi ko da ba cikakke ba. Da makullin ne ya mutu gaba ɗaya ko siririyar wayar ta tsinke, shiru za ka ji ɗif. Da batir ne ya yi sanyi sosai yawanci kat-kat-kat za ka ji a jere kamar keken ɗinki. Da bendis ne ya gaji sai ka ji kik yana gudu wiii shi kaɗai injin na tsaye. Kowace ƙara da inda take nunawa, kunne shi ne kayan aikin rewaya na farko kafin sifana.

Yanzu ga abin da za ka yi, ba ko sisi. Da magariba ka juya motar ta fuskanci bango, ka kunna fitilar gaba, ka murɗa makulli ka riƙe kamar daƙiƙa 3 kana kallon hasken. In hasken ya mutu ko ya koma ja kamar garwashi, to ko batir ba ƙarfi, ko kan batir bai kama ba, ko kik ɗin ya cije yana shan wuta a banza. In kuma hasken ya tsaya kyam ko ya ɗan rage kaɗan, to batir ba shi da laifi, wutar ce ba ta samun hanyar ratsa kik ɗin, sai mu nemo inda ta tsaya.

In kana da wanda zai ara maka mitar auna wuta ya fi. Batir mai cikakken caji in mota na kashe ya kamata ya nuna wajen volt 12.6, in ka ga 12.0 to ya yi ƙasa sosai yana son caji. Sannan wani ya murɗa makulli kana kallon mitar, lafiyayyen batir bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba yayin da kik ke juyi. Ka ɗora bakin mitar a kan dalmar batir ɗin kanta, ba a kan maɗaurin ba.

Bayan ka murɗa sau biyu uku ka bi manyan wayoyin da bayan hannu a hankali, daga batir zuwa kik, daga batir zuwa bodi, ka ji ko akwai inda ya ɗau zafi. Duk inda ya yi zafi nan tsatsa ko sako-sako yake. Kar ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, kuma ka bari ya huta tsakani. Ka dawo ka gaya mana abin da ka gani, har da duk wani baƙon abu da motar ta fara yi tun dawowarka ko da kana ganin bai shafi kik ba.

MaiFijo504

Oga Allah ya saka da alheri, wallahi bayanin rariyar nan ya shige ni. Na yi gwajin jiya bayan sallar magariba. Hasken bai mutu ba, ɗan dusashewa ya yi kaɗan ya tsaya a haka. Maƙwabcina mai gyaran sola ya zo da mitarsa, batir 12.5, da na murɗa ya sauko 11.8 ya tsaya. Kan batir fes yake don sabo ne na sa tare da batir ɗin. Manyan wayoyin ban ji zafi ba.

Amma tunda ka ce in faɗi baƙon abu, akwai biyu. Totur ya yi tauri kwanan nan, in na taka sai ya riƙa maƙalewa bai dawowa da wuri, na ɗauka zaman da ta yi ne. Na biyu jiya da muka buɗe bonet muna gwaji mun ji ƙaurin roba, maƙwabcin nawa ya taɓa wayar totur ya janye hannu da sauri wai zafi kamar an sa a wuta. Me ya haɗa totur da kik kuma?

Tsohon Rewaya

Alhamdulillahi. Malam ka daina murɗa makullin nan daga yanzu har sai an gyara, ka kusa ƙona wayar totur ɗinka. Amma ka kawo mana amsar da hannunka.

Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. Jar waya mai kauri ita ke kai wuta kik, amma ba wata waya ta biyu da ke fitowa daga kik ta koma batir, jikin kik ɗin ne a ɗaure da injin, injin kansa shi ne hanyar komawa. To injin kuma a kan roba yake zaune, mawuntin, roba kuwa ba ta wuce da wuta. Shi ya sa ake sa waya ta musamman mai kauri, sau da yawa saƙaƙƙiya ce kamar kitso, daga injin ko giyabos zuwa bodi ko kai tsaye zuwa negetif na batir, ita muke kira wayar at. In ta ruɓe ko inda aka ɗaure ta ya yi tsatsa, wutar sai ta nemi duk wani ƙarfe da ya haɗa injin da bodi ta bi, wayar totur, wayar cok, wani lokaci har wayar sifidomita. Siririyar waya ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, sai ta yi zafi, robar cikinta ta narke, shi ne taurin da kake ji a ƙafarka. Wutar da ta samu ta wuce ta isa ta ja salanoyid ya yi ƙas amma ba ta isa ta juya injin ba. Fitilun gaba kuma a bodi suke da nasu at ɗin, shi ya sa ba su damu ba.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka samo wayar jona batir, irin mai baki kamar na kada, mai kauri ba ta wasa ba. Guda ɗaya kawai za ka yi amfani da ita. Baki ɗaya a negetif na batir, ɗaya bakin a jikin injin inda ƙarfe yake fes ba fenti ba maiƙo, kan wani babban noti ya wadatar. Ka kula kar ta taɓa fozitif, kar kuma ta rataya kusa da fanka ko fambel. Giya a firi, ka ja hambirki, ka sa dutse a taya. Sai ka murɗa. In ta juya, magana ta ƙare.

Tunda maƙwabcinka na da mita, zai iya ganin abin da idonsa ma: baki ɗaya a negetif na batir, ɗaya a jikin injin, a murɗa sau ɗaya a taƙaice. A mota mai lafiya abin da zai gani bai kamata ya wuce kamar volt 0.3 ba. In ya ga volt biyu, uku ko sama, wannan wutar da ta ɓace a hanya ce ba ta yi aikin komai ba.

Dan_Gareji

Oga ban ki ta taka ba amma ni har yanzu ina zargin burushi, wato 'yan gawayin nan da ke cikin kik. Kik din 504 da ya kai wadannan shekarun, in ba a taba bude shi ba burushin ya cinye ko tagullar cikin salanoyid ta kone, shi ma kas daya yake yi kuma fitila ba ta mutuwa. Kuma ko hakan ne ba sai an sayi wani kik ba, a Kofar Ruwa ko Panteka za a samu burushi da bushin a canza, tsohon kik na asali in an gyara shi ya fi wani dan Beljiyam din da ba ka san tarihinsa ba.

Tsohon Rewaya

Haka ne Ɗan Gareji, alamominsu sun yi kama sosai, da bai ambaci totur ba ni ma nan zan dosa bayan gwajin fitila. Amma burushi ba ya sa wayar totur zafi. Kuma ka lura ya ce an bubbuga kik bai motsa ba, mai matsalar burushi sau da yawa in an ɗan ƙwanƙwasa yakan tashi ko sau ɗaya ne. Mu fara da gwajin da ba a kwance komai. In ta ƙi juyawa da wayar jonawar, sai a cire kik a gwada shi a ƙasa da batir, in ya nuna laifi a buɗe a gyara kamar yadda ka ce. Abin da ke ɓata min rai a sana'ar nan tamu yanzu shi ne yara sun koma masu canji, ba mai son ya kwanta ƙarƙashin mota ya bi waya, kowa ka kira sai ya ce kawo kuɗi a sayo. Motar nan tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, an yi ta haɗa ta a Kaduna har wajen 2006, wayoyinta a fili suke ba kwamfuta ba komai, in mutum ya kasa bin wutar 504 ban san wace mota zai iya bi ba.

MaiFijo504

Jama'a TA TASHI!! Allahu akbar. Yau da safe na aro wayar a wajen wani direban bas, na maƙala kamar yadda Oga ya ce, na yi bismillah na murɗa, wallahi yadda kik ɗin ya fizgi injin ban taɓa jin ya yi haka ba tun Baba na da rai. Na kashe na cire wayar na sake murɗawa, ƙas. Na mayar, ta tashi. Sau biyu na yi don in tabbatar sannan na bari.

Muka ɗaga ta da jak muka sa katako, na leƙa ƙasa da tocila, sai ga wayar at ɗin daga giyabos zuwa bodi ta zama kore shar, ina taɓawa ta rududduge, silli uku ko huɗu ne kawai suka rage a haɗe, inda aka ɗaure ta a bodin kuma tsatsa ta yi ɓawo. A tawa negetif na batir a bodi kaɗai aka ɗaure shi, ina jin wani ne ya taɓa canzawa a baya. Na sayo sabuwar waya, kuɗinta ko kusa da na kik bai kai ba. Abin da ke min ciwo kawai tsohon batir ɗina da na bayar, yanzu na gane mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Oga yaya zan ɗaura ta yadda ba za ta sake yi min haka ba?

Tsohon Rewaya

Masha Allah, barka. Ka fara cire negetif na batir kafin ka sa sifana a ko ina, in ka gama shi ne na ƙarshen mayarwa. Ka kankare wurin ɗaurin duka biyu da samfefa har ka ga farin ƙarfe, ka sa sabon noti da wosha, ka ɗaure sosai, bayan ka ɗaure sai ka shafa giris a kai don ruwa. Ka bar wa wayar ɗan sassauci saboda injin yana rawa in yana aiki, in ta yi tsam za ta tsinke a hankali. Ni da tawa ce zan ƙara wata mai kauri daga negetif kai tsaye zuwa injin, su zama biyu.

Wayar totur ɗin nan kuma ka canza ta kafin ka hau titi, kar ka ce za ka ɗiga mata mai ta saki, robar ciki ta riga ta narke, totur da ke maƙalewa a cikin gari hatsari ne babba. In akwai wayar cok ka ja ka ji ita ma.

Sannan ka sa maƙwabcinka ya auna caji tana aiki, ya kamata ya ga tsakanin 13.8 da 14.4 a kan batir. Alternato ma ta jikin injin yake mayar da wutarsa, duk tsawon lokacin nan ba lallai batir yana samun cikakken caji ba, wataƙila shi ya sa tsohon ya riƙa nuna kamar ya gaji. In za ka sake doguwar tafiya ka cire negetif, ka matsar da ita inda ruwa ba ya kwanciya.

MaiFijo504

An ɗaura Oga, na sa biyun kamar yadda ka ce. Caji 14.1 take nunawa. Wayar totur ban samu a nan kusa ba, ƙanena zai taho min da ita daga Kaduna ranar Asabar in sha Allahu, motar na nan a ajiye har ta iso. Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan magabata.